Ranar da likita ya sa rula a fuskar ɗan ƙanena

Ni tela ce a Garwa, a arewacin Kamaru, kuma yaron da zan ba da labarinsa ba ni na haife shi ba, ɗan ƙanena ne. Ubansa direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, ya ratsa Garwa da Marwa da Kuseri ya tsallaka Njamena. A kan wannan hanya ya haɗu da uwar yaron, a wani ƙauye gaba da Pitowa, ya aure ta ba da son danginmu ba, a kan hanyar kuma Allah ya karɓi ransa. Matar tana da tsohon ciki lokacin. Ta haihu, ba ta yi shekara ba ita ma ta bi shi. Aka kawo mini namijin yana shekara uku da ɗoriya, jaririyar kuma kakarsu ta wajen uwa ta riƙe ta. Ba zan faɗi sunansa ba, don rayuwa tana gabansa, kuma abin da aka sa a intanet ba ya gogewa.

Yaro ne mai fara'a, kowa nasa ne. Duk mai babur ɗin da ya yi masa dariya, sai ya haye bayansa ba tambaya. Ci yake yi amma jiki ba ya karɓa. Ka aike shi sayen magi da ashana, ya dawo da ashana kaɗai, wata rana ya dawo hannu rabbana, kuɗin ma bai san inda ya sa su ba. Abin da ya biya a allo yau da yamma, gobe da safe sai a koma farko. An ce tsutsar ciki ce, mun ba da magani. An ce iska ce, an sha rubutu an yi hayaƙi. An ce maraici ne, an ce ni na shagwaɓa shi, malamin allo kuwa ya ce bulala ce ba ta ishe shi ba.

Zazzaɓin cizon sauro ne ya kai mu asibiti a ƙarshen wata damina, yana shekara bakwai. Ma'aikaciyar jinya ta ɗora shi a sikeli don ta san yawan maganin da za ta ba shi, ta ga kilo 16, ta sake tambayata shekarunsa, sannan ta tura mu wurin likitan yara. Likitan mutumin kudu ne, Faransanci yake yi da ɗan Fulatanci na kasuwa, don haka 'yata babba da ta yi boko ita ta zama tafinta. Ya rubuta maganin zazzaɓi, amma na lura idonsa bai bar fuskar yaron ba. Ya ce mu dawo in ya warke sarai, domin fuskar mara lafiya ba a yi mata awo. Ya ce mu taho da littafin awon uwar in akwai, da hoton uba da na uwa. Littafi babu. Hoton ƙanena ina da shi a jikin lasisin tuƙinsa, na matar kuma guda ɗaya ne, wanda suka ɗauka ranar ɗaurin aure.

Ranar da muka koma, da jiki aka fara. Tsawo, nauyi, sai zagayen kai da tef irin nawa na ɗinki, daga goshi a kewayo ta inda ƙeya ta fi fitowa. Santimita 48. Ya ɗora kowace lamba a kan takardar da ke nuna girman yara bisa shekarunsu, duka ukun suka faɗa can ƙasan layi. Amma ya ce kada in ɗauki wannan da nauyi tukuna. A nan arewa yara ƙanana jiki suna da yawa, saboda ƙarancin abinci da yawan zazzaɓi da gudawa, ƙanƙantar jiki ita kaɗai ba ta nuna inda matsala ta fito. Kan ne ya fi tsaya masa a rai, don girman kai yana bin girman ƙwaƙwalwa.

Sai ya ciro wata 'yar rula ta roba mai haske wadda ake hango abu ta cikinta. Ya zaunar da yaron a kujera, shi ma ya jawo tasa har idanunsu suka daidaita, ya ce da shi ya kalli sama ba tare da ya ɗaga kai ba. Abin da yake so shi ne tsawon tsagar ido, wato daga lungun ido na wajen hanci zuwa lungun da ke wajen kunne. Kallon sama yana buɗe lungun na waje a gan shi sosai. Ya matso da rular dab da ido ba tare da ta taɓa gashin ido ba, ya ɗan karkata ta ta bi yadda ido yake kwance a fuska, don ido ba a miƙe yake ba, lungun waje ya fi komawa baya. Ni da na saba aunawa da santimita, rabin santimita ma in bar wa kalmasa, sai na ga mutum yana jayayya da kansa a kan milimita ɗaya. Yaron yana ta ƙifta ido yana dariya, yana cewa, "Goggo, zai ɗinka mini ido ne?" Sai da aka maimaita sau da dama kafin likitan ya yarda da abin da ya samu, milimita 21 kowane ido. Ya duba wata takardar, ya ce yaro mai shekarunsa ya kamata ya zarce haka da 'yan milimitoci, kuma nasa ya gaza har ƙasa da iyakar da ake yanke hukunci a kanta. Ya ƙara da cewa yawancin waɗannan takardu a kan yaran Turai da Amurka aka gina su, shi ya sa ba ya dogara da lamba ɗaya. Shi ne dalilin hotunan. Ya daɗe yana kallon idon ƙanena a jikin lasisi, ya kalli na matar, ya kalli nawa. Mu duka manyan idanu gare mu.

Abu na biyu ban taɓa sanin ana dubansa a jikin mutum ba. Kowa ya taɓa tsakanin hancinsa da leɓensa na sama yanzu, zai ji ɗan kwari a tsakiya da tudu biyu a gefe da gefe, kamar kwari tsakanin kunyoyin gona. A fuskar ɗan ƙanena gonar a shafe take, ba kunya ba kwari, fata ce sumul daga hanci har baki. Shekara huɗu ina wanke wannan fuska ina shafa mata mai, ban taɓa gani ba sai da aka nuna mini.

Ba da ido kawai likitan ya yanke ba. Yana da wani kati mai hotunan baki guda biyar a jere daga sama zuwa ƙasa. Na ɗaya kwarin yana da zurfi sosai, leɓen sama kuma mai kauri. Na biyar kwarin ya ɓace, leɓen ya zama siriri. Na uku shi ne na yawancin mutane. Ya ce wata mai bincike a Jami'ar Washington da ke Siyatil a Amurka, Susan Astley, ita ta tsara katin, kuma iri biyu ne, ɗaya na fararen fata, ɗaya na baƙaƙe, don leɓenmu ya fi nasu kauri tun asali. In aka auna ɗan Bahaushe da katin Bature, leɓen da ya sirance zai fito kamar lafiyarsa ƙalau. Ya riƙe katin a gefen kuncin yaron yana kallon nan yana kallon can.

A nan aka sha fama. Dole baki ya kasance a rufe a hankali, ba matsewa, ba murmushi, domin murmushi yana jan leɓe ya sirance, ya kuma shafe kwarin ko a fuskar mai lafiya. Likitan ya sa 'yata ta yi murmushi don in gani, na kuwa ga kwarinta ya baje nan take. To yaron nan da murmushi aka halicce shi. A ce ya rufe baki, ya rufe, ya kalle ni ya tuntsire. Daga ƙarshe 'yata ce ta ce masa su yi gasar wanda zai fi daɗewa yana numfashi ta hanci, shi ne aka samu ɗan lokacin da fuskar ta kwanta. Likitan ya duba ta gaba, ya juya shi kaɗan ya duba ta gefe inda haske ke nuna tudu in akwai, ya ɗauki hoto da wayarsa bayan ya nemi izinina. Kwarin ya ba shi lamba biyar, leɓen ya ba shi huɗu. Huɗu da biyar su ne ake ƙirgawa a matsayin alama.

Sauran dubawar da sauri ta wuce. Ya buɗe tafin hannunsa ya bi zanen da ke ciki, ya duba ƙaramin yatsa ko ya lanƙwasa, ya leƙa kunne, ya duba ko fatar ido ta sama tana saukowa, ya saurari zuciya. Ya ce waɗannan suna iya rakowa, amma ba su ne ginshiƙi ba. Ginshiƙan uku ne: gajeriyar tsagar ido, shafaffen kwari, siririn leɓen sama. Ya tambaye ni ko uwar tana da farfaɗiya, don akwai magungunanta, irin su Depakine, da in mace ta sha da ciki sukan bar wa yaro fuska mai kama da wannan, akwai kuma wasu cututtukan gado da ke yin haka. Na ce ban taɓa jin tana faɗuwa ba.

Sai ya ajiye biro. Ya yi magana, 'yata ta yi shiru ba ta fassara ba, sai da na zungure ta.

"Inna, wai cewa ya yi ki yi haƙuri da tambayar da zai yi. Wai mahaifiyarsa tana shan giya lokacin da take da cikinsa?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Likita, gidan Musulmi ne fa. Matar nan ta musulunta kafin a ɗaura aure."

Ya amsa da ɗan Fulatancinsa, bai jira tafinta ba. "Hajiya, ba gidan na tambaya ba. Cikin na tambaya."

Ya ce in alamun nan uku suka haɗu da ƙarfi haka, ga ƙaramin kai, ga wahalar koyo, ana iya sa sunan ciwon ko ba a samu mai ba da shaida a kan uwa ba, don da wuya wani abu ya haɗa su ukun in ba barasa ba. Duk da haka yana so a nemo labari, saboda ba ya son ya ɗora wa matacciya abin da ba shi da tabbas a kai. Wannan magana ita ta sanyaya mini rai.

Neman labarin ya fi awon wuya. Maigida ya ce in bar kaza cikin gashinta, me tonon zai ƙara wa yaro? Na ce ko ba komai zai rage masa bulala. Na ɗinka wa kakar atamfa, na haɗa da goro da sabulu da sukari, na shiga motar Pitowa, daga can na hau babur.

Gidan nasu gidan dafa bilbil ne, abin da mutanen Najeriya ke kira burkutu. Na san da haka tun da, shi ne ma abin da ya sa danginmu suka ƙi auren, amma ban taɓa shiga ba. Tun daga ƙofa tsamin yake tarar mutum. Jar dawa da aka jiƙa ta tsira an shanya ta a tabarmi, manyan tukwane a jere bisa murhu, mata biyu suna juyawa da muciya mai tsawon mutum, yara suna kai itace. Sana'a ce ta kwanaki kafin tukunya ɗaya ta nuna, kuma da ita ake biyan kuɗin makaranta da na magani a gidaje da yawa na wannan yanki. Tsohuwar ta shimfiɗa mini tabarma nesa da tukwanen, ta sa aka kawo mini ruwa a sabon kofi, ta nuna mini sabo ne. Ta san abin da take yi, ni ma na gane, na sha.

Da Fulatanci muka yi magana. Sai da muka gama gaisuwa da ta'aziyyar da ta yi shekaru tana jira, na ga jikarta, sannan na kawo zancen a hankali. Na ce, "Dada, likita ne ya aiko ni, ba dangi ba. Ba laifi nake nema ba, magani nake nema wa jikanki."

Da farko dariya ta yi. Ta ce bilbil ai dawa ce, abinci ne, da shi ake noma, da shi mai jego ke samun nono. Ita kanta ta haifi tara tana sha, ga su nan suna noman auduga. Ban yi mata musu ba, don ba ni da amsa a lokacin. Muka yi shiru tana ɓare goro. Can ta ce amma 'yarta ba a bilbil ta tsaya ba. Mijin yana hanya sati biyu, sati uku, dangin miji ba wanda ya taɓa tako ƙauyen, ƙawayenta na da kuma suna ganin ta bar su. Ranar kasuwa takan sha arki, wadda ake tacewa ta tururi, ƙarfinta ya ninka na bilbil nesa ba kusa ba, ta ɗora da wuskin leda na dala ashirin, wato sefa ɗari. Gwamnati ta ce ta hana wuskin ledan nan tun 2014, amma duk wanda ya je kasuwar ƙauye ya san inda yake. Ba kullum take sha ba, in ji tsohuwar, amma ranar da ta sha sai an kamo ta. Cikin namijin kuwa ba ta san da shi ba sai da ya kai wata uku. Da ta je awo aka yi mata faɗa, ta bari har ta haihu.

Na tambayi cikin macen. Ta ce wannan a Ngaundere aka same shi, lokacin ƙanena ya kama mata ɗaki a can, ko ƙanshin giya ba ta ji. Sai da ya rasu ta dawo ƙauye da ciki wata shida, daga nan har haihuwa ba ranar da ta kwana da hankalinta. Na dubi yarinyar da ke wasa da ƙwarya a gabanmu. Idanunta manya irin namu, kwarin leɓenta a fili, kyakkyawa da ita. Na yi hamdala a zuciyata.

Da na kai wa likita wannan labari, na fara da abin da ya fi damuna. Mace ta daina sha tun ciki yana wata uku, ta yaya fuska za ta lalace? Ya ɗauki takarda ya zana mini layi. Ya ce tsakiyar fuska da tsakiyar ƙwaƙwalwa daga wuri ɗaya suke tasowa, kuma harsashinsu ana kafa shi ne wajen mako na uku bayan shigar ciki, lokacin da mace ko ɓatan wata ba ta gama tabbatarwa ba. Wata mai bincike a Amurka, Kathleen Sulik, ta nuna haka a kan ɓeraye a 1981: aka ba su barasa a daidai wannan gaɓa, 'ya'yan suka fito da ƙananan idanu da shafaffen leɓe. Barasa tana ratsa mabiyiya kai tsaye, abin da ke jinin uwa shi ke jinin ɗan tayi, shi kuwa hantarsa ba ta isa ta sarrafa ta ba. Sha mai yawa a zama ɗaya, irin na ranar kasuwa, ya fi ɓarna, don jini yana cika da ita lokaci guda. Amma ya ce kada in raina barin da ta yi. Ƙwaƙwalwa tana ginuwa har ranar haihuwa, watanni shidan da ta haƙura sun tsare wa yaron abu mai yawa, mai yiwuwa su ne suka sa yake magana da kyau yake gane mutane.

Na kawo masa maganar tsohuwa da 'ya'yanta tara. Ya ce ba ƙarya ta yi ba. Ba kowane ciki da aka sha giya a kansa ke fitowa haka ba. Ya danganta da yawan abin da aka sha, da lokacin, da jikin uwar, da irin abincin da take samu. Wani babban bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa a duniya kusan mace ɗaya cikin goma tana sha da ciki, cikin masu shan kuma ɗaya cikin 67 ke haifar yaro mai cikakken ciwon, abin da ya kai yara wajen 119,000 a shekara. Matsalar ita ce ba wanda zai iya faɗa tun farko wane ciki ne zai tsira, ba a kuma san wani ɗan adadi da za a ce in an tsaya a kansa ba komai ba. Ya ce likitan da ya fara rubuta wannan fuska dalla-dalla Bafaranshe ne a birnin Nant, Paul Lemoine, wanda ya duba yara 127 na iyaye mashaya ya buga a 1968, ba wanda ya kula shi. Sai a 1973 da Kenneth Jones da David Smith suka sake ganowa a Siyatil suka raɗa wa ciwon suna, duniya ta waiwayo. Ya faɗi wannan da ɗan ɗaci, irin na wanda ya yi karatu da Faransanci. A takardar yaron haruffa uku ya rubuta, SAF, taƙaitaccen sunan ciwon da Faransanci, wato illar da barasa ke yi wa yaro tun yana ciki.

Ni ce na kawo zancen ƙanwar, da murnata, na ce ita kam Allah ya tsare ta, fuskarta lafiya lau. Likitan bai taya ni murna ba. Ya nuna mini layin da ya zana, ya sa yatsa a ƙarshensa. Ya ce fuska shaidar 'yan makonnin farko ce kawai. Wadda aka sha a kanta daga wata shida zuwa tara, fuskarta ta riga ta ginu, barasar ba za ta taɓa ta ba, ƙwaƙwalwa za ta samu. Yawancin yaran da giya ta yi wa illa a ciki ba su da wata alama a fuska, su ne kuma suka fi shan wuya, don kowa yana ganinsu ƙalau sai a ce iskanci ne ko taurin kai. Ko shi namijin, in ya balaga fuskar tana iya canzawa alamun su ragu, abin da ke cikin kai kuwa yana nan. Ya ce yana son ganin yarinyar kafin a sa ta makaranta.

Ragowar aikin na ƙwaƙwalwa ne. Ya ce a inda abubuwa suka wadata, ƙungiya ce ke yinsa, da masanin halayyar yara da mai duba magana da mai duba motsin jiki. Shi kaɗai ya yi abin da zai iya. Ya sa yaron ya zana mutum, ya maimaita lambobi gaba da baya, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya ɓalle maɓalli ya mayar. Ya ce masa, "Ɗauki biron nan, ka ba Goggo, ka rufe ƙofa." Yaron ya ɗauki biro ya ba ni, ya tsaya yana murmushi yana jiran a yaba masa. Ƙofa ta riga ta fita daga kansa. An duba ji da gani, an yi hoton zuciya don ciwon yakan zo da huda a cikinta, duka suka fito lafiya. Kuɗin ɗinkin sallar bara can suka tafi.

Magani na warkewa babu, ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye. Abin da ake yi shi ne a gyara yadda ake bi da yaron. Yanzu aike ɗaya nake ba shi, in ya dawo in ba shi na biyu. Kuɗi ba na ba shi a hannu, na yi magana da mai shagon bakin layi yana rubutawa. Lokacin tashi, na wanka, na abinci, na barci, ba na canza su ko ranar biki, don da zarar tsari ya rikice shi ma ya rikice. Maganar hawa babur ɗin baƙo kuwa kullum sai an maimaita ta da safe da kalmomi iri ɗaya, kuma duk da haka ba na barinsa ya fita titi shi kaɗai. A shago na ba shi aikin ware maɓallai kala-kala da naɗe zare a kwarkwaro, yana iya yin awa guda a kai ba ya ɗago kai, abin da allo bai taɓa samu daga gare shi ba.

Malamin allo na je na same shi da kaina. Na ce, "Allah gafarta Malam, likita ya ce yaron nan ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni tun yana ciki, mantuwarsa ba da gangan ba ce." Ban ambaci giya ba, ba kuma zan ambata ba. Na san unguwarmu. Kafin la'asar sunansa ya koma ɗan mashayiya, ya bi shi har ranar neman aure. Malam ya yi shiru, ya ce to a rage masa, aya ɗaya a sati. Bulala dai ta ragu, ban ce ta ƙare ba. A makarantar boko an dawo da shi layin gaba kusa da allo.

Wani abu ya same ni bayan nan da ya kamata in faɗa wa duk mai karanta wannan. Na koma kallon leɓen kowane yaro da aka kawo awon kaya. Akwai ɗan maƙwabciyata da kwarinsa bai fito sosai ba, zuciyata har ta fara saƙe-saƙe, sai ranar da uban ya zo karɓar ɗinki na ga nasa ma haka yake, gado ne. Likitan ya riga ya gargaɗe ni cewa alama ɗaya ita kaɗai ana samunta a fuskokin mutane da yawa masu lafiya, shi ya sa ake bin rula da kati da hoton iyaye. Wanda bai iya awon ba, ya dubi ɗan mutane ya yanke wa uwarsa hukunci, ƙazafi ya yi, kuma a garuruwanmu irin wannan magana tana kashe aure.

Saura yarinyar. Na sake komawa ƙauyen na faɗa wa tsohuwa abin da likita ya ce. Ba ta yarda da zancen ba har yanzu, ta ce yarinyar ta fi duk jikokinta wayo. Amma ta faɗa mini da bakinta cewa ba ta barci da dare, kuma in ta fara kuka sai ta shiɗe. Tsoronta shi ne in an kai ta Garwa ba za a dawo mata da ita ba. Na rantse mata, ta ce rantsuwar dangin miji ta ji ta a da. Daga ƙarshe mun tsaya a kan cewa ita da kanta za ta kawo ta bayan an gama tsinkar auduga, su kwana biyu a gidana, ni zan biya mota zuwa da komawa, kuma ita za ta riƙe ta a cinya lokacin da likita yake dubawa.